Waiwaye: Daga ina nauyin laburaren tarayya ya samo asali?

Ja-in-jar da masu haɗa manhaja ke yi kan gina shirye-shirye da kod mara kafaffen adireshi, wanda ake taƙaitawa da PIC, har yau ba ta lafa ba. Wasu na cewa tsaro ya wajabta shi, wasu kuma na kukan cewa yana rage wa kwamfuta gudu. Duk ɓangarorin biyu suna da hujja, sai dai nauyin da ake kuka da shi ya taru ne daga wurare daban-daban cikin shekaru fiye da talatin.

Mafarin zancen sananne ne. Ana son laburare guda, wato tarin ayyukan kod da shirye-shirye ke kira, ya zauna sau ɗaya a memori, shirye-shirye da yawa su yi tarayya a kansa, ko da kowannensu ya ɗora shi a adireshi daban. Tsarin gudanar da kwamfuta na SunOS 4.0 ya kawo wannan tsari a 1988, tsarin fayil na ELF ya tabbatar da shi, Linux kuma ya koma ELF a tsakiyar shekarun 1990. A furosesar i386 abin ya yi tsada, domin ba ta iya nemo bayanai ta hanyar auna nisa daga inda umarni yake, don haka sai an keɓe rajista (ƙaramar ma'ajiya a cikin furosesa) ɗaya cikin takwas don riƙe teburin adireshi na GOT. Zuwan furosesar x86-64 a 2003, da rajista goma sha shida da kuma ikon auna wannan nisa, ya sauke yawancin wannan kaya. Daga baya dabarar sauya adireshi a kowane tashi don rikita masu kutse ta sa Android 5.0 da Fedora 23 da Debian 9 (nau'o'in Linux) suka rungumi tsarin har ga shirye-shirye na yau da kullum.

Inda aka fi yin sakaci wajen ba da tarihin shi ne wata ƙa'ida da ta shigo tare da laburaren tarayya tun farko. Ƙa'idar ta ce duk aikin da laburare ya bayyana sunansa a fili, wani shiri ko wani laburaren da aka riga aka ɗora yana iya maye gurbinsa da nasa a lokacin tashi. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, don sabon tsarin ya yi kama da tsohon haɗi na dindindin da mutane suka saba da shi, kuma da ita ake amfani har gobe wajen sauya malloc, aikin da ke ware memori, ta hanyar LD_PRELOAD, saitin da ke sa a fara ɗora wani laburare, domin farautar kurakurai. Amma sakamakonta mai nauyi ne: laburare ba ya da tabbacin cewa aikin da ya rubuta da kansa shi ne zai amsa idan ya kira shi. Dole kiran ya bi ta teburin PLT, wanda ke kai kira zuwa inda aikin yake, kamar mai gida da sai ya fita ta zaure kafin ya shiga ɗakin da ke kusa da nasa. Abin da ya fi wannan zagaye ciwo shi ne kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa umarnin furosesa, ba ta da ikon narkar da ƙaramin aiki cikin wanda ya kira shi, ko ta yi hasashen abin da zai taɓa, alhali a nan ne ribar gudu ta fi yawa a manhajojin zamani. A ganina, wannan ƙa'ida ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka na laifin da ake ɗora wa PIC, domin sabuwar furosesa ba ta warkar da ita.

An ɗauki lokaci kafin a samu mafita. Kwamfailar GCC 4.0 ta ba da damar ɓoye sunayen da ba a son bayyanawa a 2005, sannan GCC 5 ta kawo zaɓin -fno-semantic-interposition a 2015, wanda ke ba kwamfaila izinin ɗauka cewa ba za a sauya ma'anar aikin ba. Lokacin da Fedora 32 ta gina Python da wannan zaɓi a 2020, an samu ƙarin gudu da ya kai kashi 27 cikin ɗari a wasu gwaje-gwaje, kuma laburaren Python ɗin bai daina zama mara kafaffen adireshi ba.