Ƙwayar mura biyu da zinaren Sidni: waiwaye kan Andreea Raducan

Ranar 21 ga Satumba, 2000, a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, 'yan mata uku suka hau dandamalin karɓar lambobi na babbar gasar alkafura ta Olamfik, kuma dukansu 'yan Romaniya ne. A tsakiya akwai Andreea Raducan, 'yar shekara 16, wadda nauyinta gaba ɗaya kilo 37 ne. Simona Amanar ta zo ta biyu, Maria Olaru ta uku. Rabon da ƙasa ɗaya ta kwashe lambobin nan uku tun 1960, lokacin da matan Tarayyar Sobiyat suka yi haka a birnin Rum. Kwana biyar tsakani aka karɓe zinaren daga hannun Raducan. Har yau ba a mayar mata ba, alhali waɗanda suka karɓe ɗin da bakinsu suka ce ba ta yi maguɗi ba.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, mata suna fafatawa ne a kan abubuwa huɗu. Akwai dokin tsalle, wanda yarinya za ta rugo da gudu ta dafa shi, ta wulwula a iska, ta dire da ƙafafunta. Akwai sandunan lilo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Akwai siririn katako mai faɗin santimita 10 kacal, an ɗaga shi fiye da mita ɗaya daga ƙasa, a kansa ake juyi da tsalle. Sai faffaɗar shimfiɗa mai mita 12 ta kowane ɓangare, inda ake haɗa alkafura da kiɗa da rausaya. Kowanne da lambarsa, akwai kuma lambar ƙungiya. Amma wadda kowa ke wa kwaɗayi ita ce ta wadda ta fi tara maki a dukkan huɗun, wato gwanar gwanaye.

Wannan lamba ce Romaniya ta yi shekara 24 tana nema. Nadia Comaneci ta ci ta a Montreal ta ƙasar Kanada a 1976 tana da shekara 14, a gasar da ta zama mace ta farko da alƙalai suka ba cikakken maki 10 a Olamfik, har allon makin ya nuna 1.00 domin ba a ƙera shi don ya ɗauki goma ba. Daga nan sai abin ya zama kamar ana yi musu ƙwalele. A Mosko, 1980, Nadia ta tsaya a azurfa bayan doguwar gardama tsakanin alƙalai. A Los Angeles, 1984, Ba'amurkiya Mary Lou Retton ta doke Ecaterina Szabo da tazarar maki 0.05. A Seoul, 1988, Daniela Silivas ta rasa da 0.025. Lavinia Milosovici ta samu tagulla a 1992, Gina Gogean azurfa a 1996. Kullum suna bakin ƙofa, ba su shiga ba.

An haifi Raducan ranar 30 ga Satumba, 1983, a garin Barlad da ke gabashin ƙasar. Tun tana 'yar shekara huɗu da 'yan watanni ta fara koyon wasan. Daga baya aka kai ta Onesti, mahaifar Nadia, sannan aka ɗauke ta zuwa Deva, inda babbar ƙungiyar ƙasa ke zaune ƙarƙashin masu horarwa Octavian Bellu da Mariana Bitang. Deva makarantar kwana ce da gidan horo a haɗe, gadon zamanin kwaminisanci wanda ya tsira bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceausescu, a 1989. Yarinya na nesa da iyayenta, sai da izini take cin abinci, lokacin barcinta a ƙayyade, ana auna nauyinta a kai a kai. Maria Olaru ta fito a 2016 ta ba da labarin tsananin rayuwar wurin, har da zargin duka da zagi. Da wannan tsari ƙungiyar matan Romaniya ta ci gasar duniya sau biyar a jere, daga 1994 zuwa 2001. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin yarinyar da ta tashi a irin wannan gida ba ta san ta ce wa likitan ƙungiya "mene ne a cikin wannan maganin?" ba.

Duniya ta fara sanin Raducan a gasar duniya ta Tianjin, ƙasar Sin, a 1999, inda ta ci zinare a kan shimfiɗa, azurfa a kan katako, ga kuma zinaren ƙungiya. An san matan Romaniya da rashin kuskure da kuma ɗaure fuska. Ita kuwa ta zo da fara'a da iya taka rawa, abin da ya sa 'yan kallo suka ƙaunace ta.

A Sidni, sun fara da cin zinaren ƙungiya, na farko ga Romaniya tun 1984. Daren gasar gwanar gwanaye kuwa dare ne mai rikici tun kafin maganar magani. Ma'aikata sun saita dokin tsalle ƙasa da yadda doka ta ce da santimita 5, ba a gane ba sai da gasa ta yi nisa, lokacin da wata 'yar Ostareliya, Allana Slater, ta dage cewa tsayin bai yi daidai ba. Kafin nan 'yan wasa da dama sun faɗi. Svetlana Khorkina ta Rasha, wadda ake ganin ita za ta lashe, ta faɗi a kan dokin, hankalinta ya tashi, ta je ta sake faɗuwa a sandunan lilo. Raducan ta bi ta cikin wannan hargitsi ba tare da babban kuskure ba, ta gama da maki 38.893, Amanar na biye da 38.642.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne, kafin a fara gasar Raducan ta yi ƙorafin mura da zazzaɓi, likitan ƙungiya Ioachim Oana ya ba ta ƙwayar Nurofen ta mura. Ƙwaya biyu ta sha. Maganin na ɗauke da sinadarin pseudoephedrine, wanda ke buɗe toshewar hanci, irin wanda ke cikin magungunan mura da yawa da ake sayarwa a kemis ba tare da takardar likita ba. A lokacin yana cikin jerin abubuwan da aka haramta wa 'yan wasa idan ya wuce wani ma'auni, saboda yana iya ƙara kuzari. Gwajin fitsarinta ya nuna ya wuce. An ce Amanar ma ta sha irin maganin, amma nata gwajin bai nuna laifi ba, jami'an Romaniya suka danganta hakan da cewa ta fi Raducan girman jiki.

Ranar 26 ga Satumba Kwamitin Olamfik na Duniya ya yanke hukunci. An karɓe zinaren gwanar gwanaye, an bar mata zinaren ƙungiya da azurfar da ta ci a dokin tsalle, domin gwajin da aka yi mata bayan wannan gasar ta dokin bai nuna komai ba. An kori likitan daga Sidni, aka hana shi halartar Olamfik na 2002 da na 2004. Ta kai ƙara kotun sasanta rikicin wasanni, wadda ake kira CAS, kotun ta yi watsi da ƙarar ranar 28 ga wata, saura kwana biyu ta cika shekara 17. Kotun tarayya ta Siwizalan ma ba ta sauya komai ba. Hukumar wasan alkafura ta duniya kuwa ba ta ƙara mata wani horo ba, ta bar ta ta ci gaba da wasa.

Dalilin hukuncin ƙa'ida ɗaya ce: duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa, shi ke da alhakinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙa'idar ba ta banza ba ce. Da za a karɓi uzurin "likita ne ya ba ni", da kowane mai maguɗi ya fake da likitansa, kuma tarihin Jamus ta Gabas ya nuna yadda likitoci suka riƙa ɗura wa yara ƙwayoyi suna ce musu na ƙarin lafiya ne. Ga shi kuma lokacin ya zo da zafi. Abin kunyar tseren keke na Faransa a 1998 ya sa an kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a ƙarshen 1999. A Sidni ɗin ma an ƙwace lambobin wasu masu ɗaga ƙarfe na Bulgeriya, an kuma kama wasu 'yan Romaniya a wasu wasannin. Masu mulkin Olamfik suna so duniya ta ga ba sani ba sabo.

Duk da haka, ni dai ban ga adalci a inda hukuncin ya sauka ba. Wasan alkafura wasa ne na natsuwa da daidaita jiki, mai tafiya a kan katako mai faɗin tafin hannu ba ta buƙatar abin da zai sa zuciyarta bugawa da sauri. Likitan da aka hukunta babba ne, aikinsa ke nan ya san jerin haramtattun magunguna, kuma abin da ya rasa wasanni biyu ne. Yarinyar da ba ta da ta cewa ita ta rasa abin da ta yi shekara 12 tana yi wa wahala, a wasan da ba kasafai mace ke samun dama ta biyu a Olamfik ba. An daki jakin, gaskiya ne, amma taiki ya fi shan duka. Ba ita ce ta farko ba ma: a Munich, 1972, an karɓe zinaren ninƙaya daga Ba'amurke Rick DeMont, shi ma ɗan shekara 16, saboda maganin asma da ya riga ya sanar da jami'an ƙungiyarsa yana sha.

Zinaren ya koma wuyan Amanar, azurfa ta koma ga Olaru, tagulla ga Liu Xuan ta Sin. Amanar ta faɗa a fili cewa ba ita ta ci ba, Andreea ce ta ci. A gida an tarbi Raducan a matsayin gwarzuwa, wani maƙerin zinare ya ƙera mata kwatankwacin lambar.

Amsarta ta zo a shekarar da ta biyo baya. A gasar duniya ta Ghent, ƙasar Beljiyam, 2001, ta kwashe lambobi biyar: zinare a ƙungiya, zinare a katako, zinare a shimfiɗa, tagulla a dokin tsalle, tagulla a gwanar gwanaye. Duk mai shakkar ko maganin mura ne ya ɗaga ta a Sidni ya samu abin dubawa. Raunuka suka sa ta ajiye wasa a 2002, ta koma aikin jarida da talabijin.

Daga farkon 2004 aka cire pseudoephedrine daga jerin haramtattun abubuwa. An dawo da shi a 2010, amma da ma'aunin da ya ninka na da sau shida. Hukunci dai da dokar ranar da aka yi abu ake yanke shi, don haka wannan bai taimake ta ba. A 2015 ta gana da shugaban Kwamitin Olamfik na lokacin, Thomas Bach, ta nemi a sake duba batun. Ya nuna mata tausayawa, hukuncin ya tsaya yadda yake.

'Yan Najeriya sun san cewa littafin Sidni ba rufaffe ba ne idan an ga dama. Tawagar gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu ta zo ta biyu a can, sai a 2012 aka ɗaga ta zuwa zinare bayan Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa ya sha ƙwaya. Sunday Bada, ɗaya daga cikin 'yan tawagar, bai ga ranar ba, ya rasu a Disambar 2011. Wato ana iya komawa baya a ƙwace daga mai laifi, amma ba a tanadi hanyar komawa a mayar wa wadda kowa ya yarda ba ta da niyyar laifi ba.

Raducan ta zama shugabar hukumar alkafura ta Romaniya a 2017, ta tarar da gida ya riga ya fara rushewa. Ƙasar da matanta ba su taɓa rasa lambar ƙungiya a Olamfik ba daga 1976 zuwa 2012 ta kasa samun gurbin ƙungiya a Rio 2016. Da aka sake kasawa a neman gurbin Tokiyo, ta sauka a 2019. Sai a Paris 2024 ƙungiyar ta dawo, kuma lambar da ta samu, tagullar Ana Barbosu a shimfiɗa, ta wannan kotu ta CAS ta biyo, bayan kotun ta ce ƙorafin da aka shigar a madadin Ba'amurkiya Jordan Chiles ya makara da daƙiƙa huɗu. A Bukarest, babban birnin Romaniya, aka rataya wa Barbosu lambar, kwanaki bayan an rufe gasa, Chiles kuma ta garzaya kotun tarayya ta Siwizalan, kotun da ta ƙi ƙarar Raducan shekara 24 kafin nan.