Me Ya Sa Launin Allo Yake Saɓa Wa Na Takarda?

Na tsara katin biki a kwamfuta, launi ya yi kyau, amma da aka buga sai ya fito da duhu. Ina matsalar take?

Galibi daga allon ne. Yawancin allunan kwamfuta suna zuwa daga kamfani da haske fiye da kima, farinsu kuma yana karkata zuwa shuɗi, don su ɗauki ido a kanti. Kai kuwa a kan wannan hasken kake gyara hoton amarya, ka ga fuska ta yi fes, ƙunshin hannu ya fito raɗau, alhali hoton duhu gare shi. Takarda ba ta da fitila a bayanta. Tawada ce kala huɗu, shi ya sa wani kore mai walƙiya da kake gani a allo ba zai taɓa fita haka a bugu ba, komai gyara.

To daga ina zan fara?

Kunna allon ka bar shi kamar minti 30 ya daidaita. Ja labule, kada rana ta bugi fuskarsa. Kashe Night light na Windows ko Night Shift na Apple, domin suna mayar da fari ruwan ɗorawa. Sannan ka rage haske. Masu aikin hoto sukan tsaya wajen kandila 120 (ma'aunin ƙarfin haske) a kowane murabba'in mita. In ba ka da abin awo, buɗe farin shafi, ka riƙe farar takarda kusa da allon. Muddin allon yana kashe maka ido ita kuwa takardar ta dusashe, ci gaba da ragewa. A ganina wannan kaɗai yana maganin rabin rigimar da ake yi da masu buga kati.

Mene ne 6500K da 2.2 da nake gani a saitin allo?

Na farko yanayin farin ne, kusa da hasken rana da tsaka. Na biyu gamma ce, wato yadda launi ke hawa daga baƙi zuwa fari. Su biyun ne ginshiƙin sRGB, ma'aunin da HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda mafi yawan hotunan intanet ke bi. In allonka yana da zaɓin sRGB, danna shi.

Ido kaɗai zai wadatar?

Don aikin yau da kullum, e. A Windows rubuta dccw a wurin bincike, zai bi da kai mataki-mataki. Sai dai ido yana sabo da wuri. Bayan 'yan mintuna farin da ya gurɓata zai zame maka daidai. Wanda ke cin abinci da hoto, ko mai tallar atamfa da shadda da ba ya son a ce masa "ba wannan kalar na gani ba", gara ya nemi na'urar awon launi irin Spyder ta kamfanin Datacolor ko wata ta kamfanin Calibrite. Ana rataya ta a fuskar allo, ta auna launuka, ta ajiye fayil ɗin ICC, wato bayanin launin allon, da kwamfuta za ta riƙa bi. A maimaita lokaci-lokaci, don allo yana canjawa da tsufa.

Na gyara komai, amma da na sunkuya launin ya sake.

Da alama wannan allon TN ne, nau'in da launinsa ke canjawa in ka kalla ta ƙasa ko ta gefe, saiti ba ya warkar da shi. Nemi mai IPS, wanda launinsa ke tsayawa ko ta gefe ka kalla.