James Lovelock

James Ephraim Lovelock (26 ga Yuli 1919 zuwa 26 ga Yuli 2022) masanin kimiyya ne ɗan Ingila, mai ƙirƙirar na'urori, wanda ya shafe sama da shekara hamsin yana bincike a ɗakin gwaji na gidansa, ba tare da albashin wata jami'a ko hukuma ba. An fi saninsa da wata 'yar na'ura mai gano ɓurɓushin guba a cikin iska da ruwa, sai kuma hasashen Gaia, wanda ke cewa rayayyun halittu ne ke daidaita yanayin duniya yadda za ta ci gaba da zaunuwa.

Tasowa da karatu

An haife shi a garin Letchworth, ya girma a unguwar Brixton da ke Landan. Gidansu ba na masu hali ba ne, don haka da ya gama sakandare sai ya kama aiki, yana zuwa darasin dare a kwalejin Birkbeck. Daga baya ya samu shiga Jami'ar Manchester, ya kammala digiri a ilimin sinadarai a 1941. A shekarar ya shiga Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Landan, inda ya yi shekara 20. Ya yi aiki a kan yaɗuwar mura, ya kuma sami digirin digirgir a 1948. A shekarun 1950 yana cikin ayarin da ke daskarar da wasu ƙananan ɓeraye da ake kira hamsta a cikin sanyi, sannan su ɗumama su har su farfaɗo. Shi ne ya haɗa musu na'urar ɗumamawar, mai aiki da irin zafin da murhun maikurowef ke amfani da shi a yau.

Na'urar kama ilektron

A 1957 ya ƙera abin da ya zama jarinsa har ƙarshen rayuwa. Na'urar ba ta cika tafin hannu ba. A cikinta akwai ɗan ƙarfe mai fitar da tiririn nukiliya kaɗan, wanda ke ɓallo ilektron, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, daga iskar naitirojin da ake hurawa ta ciki, sai wata siririyar wutar lantarki ta riƙa gudana. Da zarar wani sinadari mai kwaɗayin ilektron ya gifta, kamar masu ɗauke da kulorin, sai ya wawure su, wutar ta ragu, allura ta motsa. Iyakarta ke nan. Amma tana iya gano ƙwaya ɗaya a cikin tiriliyan, abin da babu wani awo da ya kai gare shi a wancan zamani. Da ita aka gane cewa maganin ƙwari na DDT bai tsaya a gona ba, ya kai har kitsen tsuntsayen Antatika da nonon mata masu shayarwa.

Barin aikin albashi

A 1961 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gayyace shi ya taimaka wajen ƙera na'urorin da za a aika Wata da duniyar Mars. A 1964 ya koma Ingila, ya kafa ɗakin gwajinsa a ƙauyen Bowerchalke, daga baya ya ƙaura wani tsohon gidan niƙa a Devon. Kuɗin cefane da na bincike yana samunsu ne daga ƙere-ƙerensa da shawarwarin da yake bai wa kamfanoni irin su Shell da Hewlett-Packard. Wannan ya ba shi 'yancin bin duk tambayar da ta dame shi, ya kuma ba masu sukarsa abin faɗa.

A gidansa na hutu da ke Adrigole a yammacin Ayilan, ya lura da wani hazo da ke lulluɓe gaɓar teku a wasu ranaku. Don ya gane ko daga birane yake zuwa, sai ya nemi sinadaran CFC a cikinsa, waɗanda a lokacin ake zubawa a firji da gwangwanayen feshi, tunda ɗan Adam ne kaɗai ke yin su. Ya same su, har ma a ranakun da gari ya washe. A 1971 ya bi jirgin ruwan bincike mai suna Shackleton, wanda ya nufi Antatika, da na'urar da ya haɗa da hannunsa, bayan an hana shi tallafi, kuma duk inda ya auna sai ya tarar da su. A rahotonsa na 1973 ya ce ba su da wani haɗari. Nan ya yi tuntuɓe. Shekara guda bayan haka Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa sinadaran na cinye shimfiɗar ozon da ke tare mugun hasken rana, abin da ya kai ga yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta taƙaita amfani da su. Awon nasa ne ya buɗe musu hanya, kuma daga baya ya amsa kuskurensa.

Hasashen Gaia

Tushen hasashen a NASA yake. Lovelock ya ce ba sai an tona ƙasar Mars ba kafin a san ko da rai a can, iskarta kaɗai ta isa shaida. Kusan kashi 95 cikin 100 na iskar Mars kabon dayokzayid ne, komai ya lafa kamar tokar da wuta ta gama ci. Tamu kuwa tana da oksijin kashi 21 cikin 100 tare da iskar metan, alhali su biyun cinye juna suke yi. Dole akwai mai sabunta su kullum, kuma wannan shi ne rai. Maƙwabcinsa, marubuci William Golding, shi ya ba hasashen sunan Gaia, allahiyar ƙasa a tatsuniyoyin Girkawa. Lovelock ya faɗaɗa tunanin tare da Lynn Margulis, masaniyar ƙananan halittu 'yar Amurka, ya fitar da littafinsa na farko a kai a 1979.

Masana irin su Richard Dawkins da Ford Doolittle suka ce da sake: ta yaya halittun da kowacce ta kanta take yi za su haɗa kai su gyara duniya? Sunan ma bai taimaka ba, ya sa wasu suka ɗauki abin kamar addini. A 1983 Lovelock da Andrew Watson suka amsa da wani kwaikwayo a kwamfuta, na duniyar da babu komai cikinta sai furanni baƙaƙe da farare. In rana ta yi rauni, baƙaƙen sukan yaɗu su riƙe zafi. In ta tsananta, fararen sukan mamaye su mayar da hasken, kamar bambancin baƙar riga da fara a tsakar rana. Zafin duniyar ya daidaita ba tare da wani ya shirya ba. Har yau ana ja-in-ja kan ko duniya na daidaita kanta, amma batun cewa rai da iska da teku da duwatsu tsari ɗaya ne ya zauna a kimiyya.

Ƙarshen rayuwa

Da tsufa ya ɓata da yawancin masu fafutukar muhalli, domin a 2004 ya fito fili ya goyi bayan wutar nukiliya a matsayin maganin ɗumamar yanayi. A 2006 ya yi hasashen cewa biliyoyin mutane za su halaka kafin ƙarshen wannan ƙarni, sannan a 2012 ya ce ya zuzuta abin. An zaɓe shi ɗan ƙungiyar masana ta Royal Society a 1974, ya karɓi lambar yabo ta Wollaston ta ilimin duwatsu da ƙasa a 2006. Littafinsa na ƙarshe da ya rubuta, kan ƙirƙirarriyar basira, ya fito a 2019. Ya rasu a gidansa da ke Abbotsbury a Dorset, ranar da ya cika shekara 103.