Waiwaye: Wa Ke Biyan Lauyan Wanda Aka Yanke Wa Hukuncin Kisa a Amurka?

Tun a shekarar 1932 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Powell da jihar Alabama, cewa ba a gurfanar da matalauci kan laifin da hukuncinsa kisa ne sai an ba shi lauya. Shari'ar ta samo asali ne daga wasu samari baƙar fata tara da aka zarga da fyaɗe, aka gurfanar da su a garin Scottsboro, aka yanke wa takwas daga cikinsu hukuncin kisa cikin 'yan kwanaki. A 1963 kotun ta faɗaɗa haƙƙin zuwa sauran manyan laifuka, ta kuma wajabta wa jihohi ɗaukar nauyin lauya a ɗaukaka ƙara na farko.

Daga nan ne wajibcin ya tsaya. Bayan wancan mataki akwai wani, inda fursuna ke komawa kotun jiha da abubuwan da ba su bayyana a zaman shari'a ba, kamar shaidar da masu gabatar da ƙara suka ɓoye ko sakacin lauyansa na farko, kuma irin wannan tono ba aikin da mutumin da ke kulle a ɗaki zai iya ba ne. Duk da haka, a 1989, a ƙarar da Joseph Giarratano ya shigar a madadin fursunonin Virginia, alƙalai biyar cikin tara suka ce tsarin mulki bai tilasta wa jiha biyan lauya a wannan mataki ba. Kowace jiha sai ta bi son ranta.

Majalisar Dokokin tarayya ta ɗan toshe giɓin a 1988, da ta amince a biya lauya idan ƙarar ta isa kotunan tarayya, aka kuma tallafa wa cibiyoyin lauyoyi masu wannan aiki a jihohi da dama. A tsakiyar shekarun 1990 aka yanke musu kuɗin, bisa zargin cewa suna jan ƙafa don hana zartar da hukunci, sannan a 1996 aka kafa dokar da ta ba fursuna wa'adin shekara ɗaya kacal ya kai ƙararsa kotun tarayya. An taƙaita lokaci, an kuma rage masu taimako, a kusan lokaci guda.

Alabama ta dogara da lauyoyin sa-kai, yawancinsu daga wasu jihohi. Cory Maples, wani fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa a jihar, ya samu irin waɗannan lauyoyi biyu daga wani babban kamfanin lauyoyi na New York, amma suka bar aikin ba tare da sanar da shi ko kotu ba. Takardun hukuncin da aka aika musu suka dawo ba a buɗe ba, wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce. Sai a 2012 Kotun Ƙoli ta ce ba za a ɗora masa laifin lauyoyin da suka yi watsi da shi ba.