Haƙƙin Maƙwabci Ne Ya San Irin da Aka Shuka a Bayan Iyakarsa

Duk manomin da ya taɓa shuka farar masara kusa da gonar mai jar masara ya san abin da yakan tarar ranar girbi. Zai ɓare goyo ya ga ƙwayoyi ja tsilli-tsilli a tsakanin farare, musamman a kunyoyin da ke bakin iyaka, alhali bai taɓa zuba jan iri a gonarsa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan masara ta fitar da kai, wanda ya girgiza shi da hantsi a kan tafin hannunsa zai ga wata ƙura rawaya mai laushi ta zuba, wato bununi, kuma kowane zare na gemun masara yana jiran ƙwayar bununi guda ɗaya ne domin ya haifar da ƙwayar masara guda. Iska ce ke ɗaukar wannan ƙura, ita kuwa iska ba ta san iyakar gona ba.

Na fara da wannan ne saboda shi ne tushen batun bayyana wa jama'a wuraren da ake noma amfanin gona da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda ake kira GMO a taƙaice. Bambancin kawai shi ne, jar ƙwaya a cikin farar masara ido yana ganinta, amma ƙwayar gado da aka dasa wa iri a ɗakin bincike ba ta da launi, ba ta da ƙamshi, ba a kuma gane ta sai da gwaji. Wanda ba a gaya masa ba, ba shi da hanyar sani.

Noman irin wannan amfani ya fara da gaske ne a shekarar 1996, a fili kimanin hekta miliyan 1.7, kuma zuwa 2019 ya kai kusan hekta miliyan 190 a ƙasashe 29, inda Amurka da Birazil da Ajantina da Kanada da Indiya suke kan gaba. Mafi yawansa waken suya ne da masara da auduga da kanola (wata shuka da ake tatsar mai daga irinta), kuma sauyin da aka yi musu galibi iri biyu ne: ko dai a sanya musu ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasa da ake kira Bt domin su kashe tsutsar da ke cinsu, ko kuma a ba su juriyar wani maganin ciyawa ta yadda za a yi feshi ciyawa ta mutu shuka ta tsira. Game da lafiyar ci kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa nau'o'in da ke kasuwannin duniya sun tsallake gwajin lafiya kuma ba a tsammanin su cutar da ɗan Adam, haka ma babban rahoton da Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka suka fitar a 2016 bai samu hujjar cewa sun fi sauran abinci haɗari ba. Na kawo wannan da gangan, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa duk wanda ya ce a bayyana inda ake noma GMO yana nufin guba ce. Ba haka ba ne. Dalilan bayyanawa suna nan daram ko da kowa ya yarda cewa abincin lafiya ƙalau yake.

Dalili na farko shi ne maƙwabci. Akwai manomin da ke ajiye irinsa shekara da shekaru yana son ya tsare shi tsantsa. Akwai wanda ke noma ba tare da sinadarai ba, yana riƙe da takardar shaidar da ke ba shi damar sayar da kayansa a kasuwa ta musamman. Akwai kuma wanda ke noma wa kamfanin da ke fitar da kaya zuwa Tarayyar Turai, inda doka ta ce duk abincin da GMO a cikinsa ya wuce kashi 0.9 cikin ɗari dole a rubuta hakan a jikinsa. Kowanne daga cikinsu zai iya kare kansa cikin sauƙi idan ya sani da wuri: ya bar tazara, ko ya jinkirta shuka da mako biyu zuwa uku domin kada furen gonakin biyu ya haɗu, ko ya girbe kunyoyin bakin iyaka daban. Yawancin bununin masara kusa yake faɗuwa, kuma ba ya daɗewa da rai a cikin zafin rana, saboda haka waɗannan dabaru suna aiki sosai. Amma dukkansu kafin shuka ake tsara su. Labarin da ya zo bayan masara ta yi goyo ba shi da sauran amfani.

Abin da ya faru a Yammacin Ostareliya ya nuna yadda rashin jituwa kan wannan ke raba zumunci. A 2010 iska ta kwaso yankakkiyar kanolar GMO daga wata gona ta watsa ta a gonar maƙwabci mai noma ba sinadarai, lamarin da ya jawo aka soke masa takardar shaida a kan kusan kashi 70 cikin ɗari na gonarsa. Manoman biyu, waɗanda suka san juna tun suna yara, sun ƙare a kotu, kuma a 2014 mai ƙarar ya sha kaye. A Jamus kuwa wani mai kiwon zuma ne a jihar Bavariya aka samu bununin masarar GMO a cikin zumarsa a 2005, saboda amyoyinsa suna kusa da wata gonar gwaji, har maganar ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke hukunci a 2011. Ƙudan zuma yakan yi tafiyar kilomita da dama neman fure, don haka mai amya maƙwabci ne ga gonakin da bai taɓa taka ƙafarsa a cikinsu ba, kuma shi ne aka fi mantawa da shi idan ana lissafin waɗanda ya kamata a sanar.

Ba bununi kaɗai ke tsallake iyaka ba. A Amurka, bayan an fito da waken suya mai jure maganin ciyawa na dicamba, feshin ya riƙa tashi da iska yana sauka a gonakin da ba su da wannan juriya, kuma a 2017 kaɗai an ƙiyasta cewa ya taɓa eka miliyan 3.6 na waken suya. Sanin irin da maƙwabci ya shuka shi ne sanin maganin da zai fesa.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi a wurina, wato iya bin sawu idan an yi kuskure. A shekarar 2000 an gano masarar StarLink, wadda aka amince da ita don abincin dabbobi kawai, a cikin abincin mutane a Amurka, aka janye kayayyaki sama da 300 daga kasuwa. A 2006 wata shinkafar gwaji da ba a taɓa sakin ta ga manoma ba ta ɓulla a cikin shinkafar da Amurka ke fitarwa, Turai da Japan suka ɗauki matakan hana shigarta, farashi ya faɗi, kuma a 2011 kamfanin Bayer, mai wannan iri, ya amince ya biya manoma dala miliyan 750. A 2013 wani manomi a jihar Oregon ya fesa maganin ciyawa a gonar da ya bari ta huta, sai ya ga wata alkama ta ƙi mutuwa; gwaji ya nuna alkamar GMO ce da aka daina gwada ta shekaru da suka wuce, nan take Japan da Koriya ta Kudu suka dakatar da sayen wani nau'in alkamar Amurka. Hukuma ta yi bincike fiye da shekara guda ta rufe shi ba tare da ta gano yadda irin ya isa gonar ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi asara a waɗannan lokuta manoma ne da ba su shuka irin ba, ba su ma san yana kusa da su ba. Cikakken rajista na wurare da shekarun shuka shi ne abin da mai bincike ke fara nema, kuma idan babu shi, sai a hukunta yanki gaba ɗaya saboda an kasa ware gona guda.

Haka nan sa ido kan ƙwari yana buƙatar taswira. Tsutsa tana iya sabawa da Bt kamar yadda take sabawa da maganin feshi, shi ya sa ake umartar manomi ya bar wani sashe na gonarsa da irin da ba Bt ba. A Indiya, inda aka fara gano audugar Bt a gonakin jihar Gujarat a 2001 tun kafin gwamnati ta amince da ita a 2002, jar tsutsar auduga ta zo ta daina jin wannan kariya. Malamin gona ba zai iya gargaɗin manoma da wuri ba idan bai san wace gona ce ke ɗauke da wane iri ba.

Ƙasashe sun sha bamban a kan yadda suke bayyanawa. Yarjejeniyar Kartahena kan kariyar halittu, wadda aka amince da ita a 2000 ta fara aiki a 2003, ta wajabta wa ƙasashen da suka shiga cikinta su wayar da kan jama'a, su kuma tuntuɓe su kafin yanke shawara, sai dai ba ta ce a buga taswirar kowace gona ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2001 ta ci gaba daga nan, ta ce a kafa rajistar jama'a ta wuraren shuka. Wani mazaunin Faransa ya taɓa neman magajin garin Sausheim ya gaya masa inda gonakin gwaji suke, aka hana shi, sai Kotun Tarayyar Turai ta yanke a watan Fabrairun 2009 cewa wurin da aka saki GMO ba sirri ba ne, kuma ba za a fake da tsoron tarzoma a ɓoye shi ba. Jamus ta buɗe rajistarta a 2005: manomi zai sanar da hukuma aƙalla wata uku kafin shuka, kowa zai iya ganin lambar fili da faɗinsa da nau'in irin a intanet, amma sunan manomi da adireshinsa ba a sashen jama'a suke ba. Ta kuma sanya tazarar mita 150 tsakanin masarar GMO da masarar gama-gari, da mita 300 idan ta noman da ba sinadarai ce. Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta tabbatar da wannan doka a 2010. Ostareliya tana buga taswirar gonakin gwaji. A Amurka kuwa bayanin gwaji da ake fitarwa galibi ba ya nuna takamaiman fili, kuma irin da aka riga aka amince da shi ba a rajistar inda ake noma shi.

Masu adawa da bayyanawa suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. A Faransa masu fafutuka sun yi shekaru suna shiga gonaki suna sare masarar GMO, a 2010 suka tumɓuke kuringar inabin gwaji a Colmar, a 2013 kuma aka tattake gonar gwajin shinkafa mai sinadarin bitamin A a ƙasar Filifin. Mai binciken da ya ga aikin shekaru ya lalace cikin dare ɗaya ba zai yi marmarin sake buga adireshin gonarsa ba. Shi ma manomi yakan ce, "Gonata ce, iri kuma halattacce ne, me ya kai sunana cikin wani littafi?" Amsata ga na farko ita ce, ɓarnar gona laifi ne da doka ke hukuntawa, kuma maganinta tsaro ne, kamar yadda Suwizalan ta yi a 2014 da ta keɓe fili mai shinge da masu gadi kusa da Zurich domin gwaje-gwaje, kowa ya san inda filin yake, kuma aiki yana tafiya. Amsata ga na biyu ita ce tsarin Jamus: a bayyana fili, a sakaya sunan mai shi. Ɓoyewa ma ba ta cika ɗorewa ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma jama'ar da suka gano daga baya cewa an yi gwaji kusa da su a asirce ba sa sake yarda da bayanin hukuma ko da gaskiya ne.

Dole kuma a bambanta gonar gwaji da gonar kasuwa. Gonakin gwaji ba su da yawa, irin da ke cikinsu bai samu izinin shiga abinci ba, saboda haka babu uzurin ɓoye wurinsu, kuma ya kamata a ci gaba da lura da filin bayan girbi a tsige duk gyauron da ya fito. Irin da aka saki ga miliyoyin ƙananan manoma kuwa, rajistar kowace gona a babban ofishi abu ne mai wuya, kuma rajistar da ke intanet cikin harshen da manomi ba ya karantawa ba ta sanar da shi komai ba. A nan bayyanawa tana farawa ne daga buhun iri. Ya zama an rubuta a jikinsa ƙarara cewa GMO ne, mai sayarwa kada ya juye shi a wani mazubi ya raba shi da takardarsa, ya kuma riƙe littafin wanda ya saya da yankin da za a shuka.

Manomin da ya zaɓi shuka wannan iri ya ajiye takardar buhun da rasidinsa, ya rubuta ranar shuka da gonar da ya zuba shi, ya kuma gaya wa masu gonakin da ke kewaye da shi da masu amya tun kafin a sa iri a ƙasa. Wanda ba ya son sa a gonarsa ya tambayi maƙwabtansa da malamin gonar yankin a daidai wannan lokaci, ya ɗebi irin ajiyarsa daga tsakiyar gona maimakon bakin iyaka. Idan kuma injin girbi ko na casa na haya ne, ya tambayi gonar da ya baro, a buɗe shi a kakkaɓe ragowar hatsin da ke maƙale a ciki kafin a zuba nasa.