Me ya sa teku ke ƙara zurfi in an yi nisa da tudun tsakiyarsa?

Wannan tambaya ta ishe ni. Na amsa ta a baki, na amsa ta a rubuce, amma kullum sai wani ya sake dawowa da ita. To ga amsoshin wuri guda, wanda ya ƙara tambaya nan zan turo shi.

Wai da gaske akwai tudu a tsakiyar teku?

Akwai. Jerin duwatsu ne a ƙarƙashin ruwa, tsawonsa wajen kilomita 65,000, ya zagaye duniya. Masaniyar ƙasa Marie Tharp ce ta gano kwarin da ya tsaga na Atlantika a 1952, tana zana taswira da awon zurfin da jiragen ruwa suka kawo. Ƙololuwar tudun tana wajen mita 2,500 ƙarƙashin ruwa. Can nesa da shi zurfin yakan kai mita 5,000 zuwa 6,000.

Ba ruwa ne ya zaizaye gefen ba?

A'a. Abin da ke sauka can ƙasa laka ce, ita kuwa cike rami take yi, ba haƙa shi ba.

To mene ne?

Sanyi ne, malam. A bakin tudun ne narkakken dutse ke tasowa daga cikin ƙasa, da zafin da ya haura digiri 1,000, ya daskare ya zama sabon ƙasan teku. Wani na tasowa yana maye gurbinsa, shi kuma yana matsawa gefe, yana hucewa. Dutse kamar ƙarfe yake: in ya yi zafi ya buɗe, in ya huce ya tsuke. Da ya tsuke sai ya fi na ƙarƙashinsa nauyi. Sanyin kuma ratsawa ƙasa yake yi, har falalen dutsen da ya sandare a ƙarƙashin tekun ya kai kaurin kilomita 100. Duwatsun da yake zaune a kansu masu zafi ne, suna lotsawa a hankali, sai ya nutsa cikinsu kamar kwale-kwalen da ake ƙara wa kaya. Ruwan da ya cike gurbin ma ya ƙara danna shi.

Ke nan nisa ne ke kawo zurfi?

Nan ne kuke ba ni haushi. Shekaru ne, nisa alama ce kawai. Atlantika na buɗewa da santimita 2 zuwa 5 a shekara, kamar tsiron farce. A gabashin Fasifik akwai inda ya kai santimita 15. Shi ya sa gangaren Atlantika ya fi tsayuwa, na Fasifik ya fi kwanciya: can dutse yakan yi tafiya mai nisa kafin ya tsufa.

In na ba ka zurfin wuri, za ka iya gaya mini shekarunsa?

Yauwa, yanzu ka yi tambaya. Zan iya, amma da sharuɗɗa, kuma kada ka je ka ce ni na rantse maka. A 1977 masana Barry Parsons da John Sclater suka fitar da lissafin da har yanzu ake koyarwa. Ka ɗauki shekarun dutsen a miliyoyi, ka nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka su, ka ninka ta da 350, ka ƙara 2,500. Dutse mai shekara miliyan 16, lambarsa 4 ce, zurfinsa mita 3,900. Mai miliyan 64, lambarsa 8, zurfinsa 5,300. Ka lura, shekaru sun ninka sau huɗu amma nutsewar sau biyu kawai ta ninka, domin abu mai zafi da farko yake saurin hucewa. Kana iya bin lissafin ta baya, daga zurfi zuwa shekaru.

Sai dai fa, da an wuce shekara miliyan 70 zuwa 80 lissafin ya fara saki. Ƙasan tekun yakan rage nutsewa, ya kusa tsayawa, alamar akwai zafin da ke ƙaruwa masa daga ƙasa. Yadda zafin ke zuwa kuwa masana na ta ja-in-ja a kai. Saboda haka in ka kawo mini mita 5,800, ba zan yanke maka shekaru ba, don tsofaffin wurare da yawa zurfinsu kusan ɗaya ne. Sannan ga laka. Zurfin da jirgi ya auna saman laka ne, ba saman dutse ba, kuma a Tekun Bengal lakar da koguna suka kwaso daga Himalaya ta yi kaurin kilomita da dama. Dole ka cire ta, ka kuma tuna nauyinta ya danna dutsen. In kuma wurin na kusa da tsibiran Hawayi ne, zafin da ke tasowa can ya kumbura ƙasan tekun, sai tsohon dutse ya zo maka da zurfin yaro. In kana son tabbas, ka bi zanen maganaɗisun da ke jikin dutsen, wato layukan da ke nuna lokacin da ya daskare, wanda masana Vine da Matthews suka bayyana a 1963, ko a haƙo dutsen a auna.

To ƙasar Aislan fa, ba kan tudun take ba, ga ta a saman ruwa?

Kansa take. Narkakken dutsen da ke fitowa can ya fi ƙa'ida yawa, shi ya tulu har ya ɓullo. Ba ta karya komai ba.

Zai yi ta nutsewa ke nan har abada?

Kwantar da hankalinka. Mafi tsufan ƙasan manyan tekuna, a yammacin Fasifik, shekararsa wajen miliyan 180 ne. Yawanci kafin nan ya kurɗa ƙarƙashin wani falalen ya koma cikin ƙasa.

Ramin Mariana na yammacin Fasifik, mai zurfin kusan mita 11,000 fa?

Wannan bakin kurɗawar ne, lanƙwasar falalen ce ta haƙa shi. Kada ka sa shi a lissafin can, ka zo ka ce mini bai fita ba.