Kalmar sirrin menfirem: ku karanta kafin ku sake kirana

Tun da na fara koya wa matasa a Gusau shiga babbar kwamfutar IBM, wato menfirem, ta intanet, tambayoyin ba su canza ba. Ga amsoshin, a bar wayata ta huta.

Harafi nawa take ɗauka?

Takwas. A RACF, manhajar da ke gadin ƙofar z/OS, tsarin da ke tafiyar da menfirem, nan ne iyaka.

Waɗanne ne aka yarda da su?

A zuwa Z, 0 zuwa 9, sai @ da # da $.

Malam, in na sa ƙ ko ɗ ai bature ba zai canka ba?

Kwamfutar ma ba ta san su ba. Haka ₦. Bar wannan dabarar.

An rufe ni, na ɓata wani abu ne?

Kwantar da hankalinka, ba ka fasa komai ba. Kuskure ne ka jera har ya kai adadin da aka ƙayyade. Mai kula da tsaro zai buɗe maka. Amma wa ya aike ka ka yi ta gwadawa kamar mai caca?

Jiya ta shiga a kwamfutar aji, yau a tawa ta ƙi, kuma wallahi ita ce.

Na yarda, wataƙila ita ce. Fara duba ƙananan baƙaƙe: in ba a kunna saitin MIXEDCASE na RACF ba, duk manya ake mayar da su, in kuwa an kunna, "a" daban "A" daban. In ba nan ba ne, zargina na kan teburin haruffan manhajar 3270 ɗinka, wadda kake shiga menfirem da ita. Menfirem da EBCDIC take aiki, tsarin da ke ba kowane harafi lamba; lamba take karɓa, ba ruwanta da zanen da ke kan maɓalli. Lambar da ke $ a teburin Amurka, 037, ita ce £ a na Ingila, 285. Wadda ke @ kuma § ce a na Jamus, 273. Tun 2014 IBM ta ƙara alamomi 14, irin su ! da % da ?, amma sai an kunna SPECIALCHARS, kuma wata tsohuwar manhaja na iya ƙin su ko da RACF ta karɓa. Don haka daidaita teburin kwamfutocin biyu tukuna. Ni dai ! da | ba na taɓa su, sun cika sauya wuri.

Takwas ba ta yi kaɗan ba?

Ta yi. Roƙi a ba ka jimlar sirri, tana kaiwa harafi 100. Kuma kada ka sa sunan shigarka a ciki, za ta ƙi.